Cefanen Kayan Miya a Landan: Tukunya Tamu, Kwalaye na Wasu

LANDAN: Duk mutumin da ya tashi a Kano ko Zariya ko Sakkwato, ya saba ya miƙa wa yaro kuɗi ya ce ruga bakin titi ka sayo kayan miya, to ranar da zama ya kama shi a birnin Landan zai tarar cefane ya zama aiki mai zaman kansa, wanda sai an ware masa wuni guda a cikin mako. Galibi ranar Asabar ce. Tun da hantsi za a ga mutanenmu maza da mata, ɗalibai da ma'aikatan asibiti da magidanta, kowa da jakarsa ko 'yar akwatin cefane da ake ja a ƙasa, sun nufi Peckham ko Brixton ko Dalston ko Woolwich. Dalili kuwa shi ne manyan kantunan zamani da ke kusa da gidajensu, duk da tsabtarsu da hasken fitilunsu, ba kasafai suke ajiye abin da tuwo yake bukata ba. In ma sun ajiye, to 'yar kuɓewa ce da ba ta cika tafin hannu ba, an ƙunshe ta a leda, an ɗora mata kuɗin da zai sa mutum ya fasa miyar.

Wannan ba ƙaramar kasuwa ba ce. Ƙidayar jama'a da aka yi a shekarar 2021 ta nuna akwai mutum sama da 270,000 waɗanda aka haifa a Nijeriya suna zaune a Ingila da yankin Wales, ban da 'ya'yansu da jikokinsu da aka haifa a can. In aka haɗa da mutanen Gana da Saliyo da Sudan da tsibiran Karibiyan, da kuma Indiyawa da 'yan Pakistan da Bangaladash waɗanda muke tarayya da su a kan kuɓewa da barkono da tsamiya, sai a ga miliyoyin bakuna ne ke neman amfanin gonar ƙasashe masu zafi, a ƙasar da sanyinta ba ya barin a noma shi a fili. Kuma da fam na Ingila suke biya. Tambayar da ta kamaci ɗan kasuwar Nijeriya ita ce, a aljihun wa wannan kuɗi yake ƙarewa?

Kasuwar titin Ridley da ke Dalston tana daga cikin waɗanda baƙo ya kan fara sani. Ta soma ci tun cikin shekarun 1880 da 'yan tebura kaɗan, Yahudawa suka yi zamaninsu a cikinta, daga baya mutanen Karibiyan da Turkawa da 'yan Asiya da 'yan Afirka ta Yamma suka gaje ta. Tana ci daga Litinin zuwa Asabar, kuma ƙaramar hukumar Hackney ce ke bai wa masu tebur lasisi. Ita kuwa kasuwar Brixton, a kudancin kogin Thames, tarihin doya da agada da attarugu a cikinta yana komawa ne ga shekarar 1948, lokacin da jirgin ruwan nan Empire Windrush ya kawo ɗaruruwan mutane daga Jamaika da maƙwabtanta. An saukar da wasunsu na ɗan lokaci a wata maɓoyar ƙarƙashin ƙasa ta zamanin yaƙi da ke Clapham, ofishin neman aiki mafi kusa da su kuwa yana Brixton, saboda haka suka zauna a unguwar, abincinsu ya biyo su. Wato dai hanyar da mutanenmu suke bi yau su sami attarugu a Landan, wasu ne suka share ta sama da shekaru saba'in da suka wuce.

Peckham kuwa har laƙabi aka yi mata da ƙaramar Legas. A titin Rye Lane ana samun manja da garin rogo da agushi da busasshen kifi da ganyen ugu da shuwaka. Sai dai Bahaushe zai lura da wuri cewa shagunan an tsara su ne bisa ɗanɗanon 'yan'uwanmu na kudu, domin su suka fi yawa nesa ba kusa ba. Mai neman yakuwa ko rama ko zogale ɗanye sai ya ƙara gaba, kuma sai ya koyi sabon ilmi, wato sanin sunan da wasu al'ummu suke kiran kayan miyarsa da shi.

Wannan ilmi shi ne rabin cefane a Landan. Alayyafo yana nan jibge a teburin mutumin Jamaika, amma da sunan kalalu ake tambayarsa. Kuɓewa a shagon Ba'indiye bindi ce. Yakuwa da rama, waɗanda mutum zai rantse ba a san su ba sai a ƙasar Hausa, abinci ne na yau da kullum a jihar Andhra Pradesh ta kudancin Indiya, inda ake ce musu gongura, kuma ana samun ɗaurinsu a shagunan mutanen kudancin Indiya a unguwanni irin su East Ham da Tooting da Wembley. A waɗannan shagunan ne kuma ake samun zogale, ko da yake su dogayen 'ya'yan suka fi damuwa da su, mu kuwa ganyen. Lalo yana wurin Misirawa da Sudanawa da mutanen Sham da sunan mulukiyya, galibi an yanka shi an daskarar a firiji, kuma shi ne dai Yarabawa ke kira ewedu. Gauta tana wurin mutanen Gana. Shi kuwa attarugu, sunansa a bakin Turawa yana nufin hular mutanen Sikotlan, saboda kamar da ya yi da ita. Magidancin da ya kwana biyu a birnin ya kan ratsa shaguna na al'ummu uku ko huɗu kafin ya haɗa kayan miyar taushe ɗaya, kuma ba ya ganin hakan a matsayin wahala, domin ya san wanda ya iso jiya har yanzu yana can yana cin burodi da shayi.

Tsarin cinikin shi ma dabam ne. Ba a taya kaya, ba a cewa albarka, ba a neman gyara. An rubuta farashi a jikin kwali, ko dai na kilo ko na kwano. Marubucin wannan sharhi, a makonsa na farko, ya taɓa tsayawa gaban wani mai tebur ya taya albasa da rabin kuɗinta kamar yadda aka saba a gida, mutumin ya dube shi shiru, sa'an nan ya juya ga wadda ke bayansa a layi. Ciniki bai faɗa ba, kuma ba a sake gwadawa ba. Game da awo, tun shekarar 2000 doka ta wajabta a sayar da kayan da ake aunawa da kilo da giram, har ma a 2001 kotu ta sami wani mai kayan lambu a garin Sunderland da laifi saboda ya auna ayaba da laba, shari'ar da ta tada ƙura ƙwarai a ƙasar. Har yau tsofaffin masu tebur sukan rubuta farashin laba kusa da na kilo, kuma baƙon da bai san laba giram 454 ce kawai ba zai ɗauka ya sami araha.

Abin da ya fi kama da kashin tumatir na gida shi ne cinikin kwano. Ana jera ƙananan kwanonin roba a kan tebur, kowanne an cika shi da tumatir ko tattasai ko karas ko lemo, ka nuna wanda kake so a juye maka a leda. An san wannan ciniki da fam ɗaya kowane kwano, amma tun da tsadar abinci ta haura kashi 19 cikin 100 a watan Maris na 2023, abin da ba a taɓa gani ba cikin shekaru 45, wasu sun ƙara kuɗi, wasu kuma sun bar kuɗin yadda yake sun rage abin da ke cikin kwanon. Arahar kwano tana da dalili. Yawancin kayan rarar da ta yi saura ce a hannun manyan dillalai, ko wadda ta nuna sosai, ko wadda siffarta ba ta cika sharaɗin manyan kantuna ba. Kaya ne na kwana biyu ko uku. Shi ya sa uwargida mai dabara takan sayi kwano shida ko bakwai da yammacin Asabar, lokacin da masu tebur ke neman rabuwa da kaya domin kasuwa ba ta ci Lahadi, ta markaɗe su a daren, ta tafasa, ta raba a robobi ta daskarar. Firiji ya maye gurbin shanya.

Tumatir ne ya fi bai wa mutanenmu takaici. Wanda aka fi samu zagayayye ne, jawur a ido, amma ruwa ne tsababa, ga tsami, a soya shi awa guda miya ba ta yi kauri ba. An ƙirƙiro irinsa ne domin a yanka a ci ɗanye, kuma domin ya jure doguwar tafiya. Saboda haka gidajen 'yan Nijeriya da yawa sun koma ga tumatirin gwangwani na ƙasar Italiya, mai tsawo mai tsoka, wanda ya fi kusa da na Kadawa da Ɗanja, suna haɗa shi da jan tattasai mai yawa domin kashe tsamin.

Mai cefane a Landan tilas ya san lokutan shekara. Birtaniya tana noma ɗan abin da ya ɗara rabin kayan lambun da take ci, kuma ƙarfinta yana ga dankalin Turawa da karas da kabeji da albasa. Daga watan Yuni zuwa Satumba kaya na yalwata, farashi ya sauka. Da hunturu ya shigo kuwa, kusan kashi 95 cikin 100 na tumatirin da ake ci daga waje ake shigo da shi, musamman daga Maroko da kudancin Sifen, inda a lardin Almeriya kaɗai rumfunan leda suka rufe ƙasa kimanin hekta 30,000. An ga illar wannan dogaro a watan Fabrairu na 2023. Sanyi da ruwan sama suka ɓata amfani a Sifen da Maroko, manoman Ingila da Holan masu rumfunan gilashi kuma suka rage shuka saboda tsadar iskar gas da suke ɗumama rumfunan da ita. Sai ga manyan kantuna irin su Tesco da Asda da Aldi da Morrisons suna ƙayyade adadin tumatir da tattasai da kokwamba da mutum ɗaya zai iya saya. A daidai wannan lokaci masu tebur da ƙananan shaguna da yawa suna da kaya, sai dai da tsada. Dalili shi ne manyan kantuna sun ɗaure kansu da yarjejeniyar farashi ta dogon lokaci, su kuwa ƙananan suna zuwa kasuwar sari kowane dare su biya farashin ranar.

Waɗannan kasuwannin sari su ne uwar cinikin, ko da yake mai cefane ba ya ganinsu, domin suna ci ne yana barci. Akwai New Covent Garden, wadda aka taso da ita daga tsakiyar birni zuwa Nine Elms a 1974, ita ce ta fi ciyar da otal-otal da gidajen abinci. Akwai Western International a yamma, dab da filin jirgin sama na Heathrow. Sa'an nan akwai New Spitalfields, wadda ta koma Leyton a 1991 a kan fili mai eka 31, kuma ita ce ta yi suna wajen kayan ƙasashe masu zafi. Daga tsakar dare zuwa safiya ake hada-hada. Dillalai da yawa a wannan fanni 'yan asalin Asiya ne da Turkawa, wasunsu kuma zuriyar Indiyawan da suka baro Afirka ta Gabas ne, musamman bayan da Idi Amin ya kore su daga Yuganda a 1972. Sun iso da sanin gonakin can da mutanen can, kuma wannan sanayya ta zame musu jari.

To, a nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya sunkuya ya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalayen da aka tara a bayan tebura, domin doka ta wajabta a nuna ƙasar da kaya suka fito. Kuɓewa za ka ga Indiya ko Honduras ko Jodan ko Masar, gwargwadon lokacin shekara. Attarugu za ka ga Yuganda ko Jamhuriyar Dominika ko Holan. Koren wake Kenya ko Maroko ko Masar. Citta Sin ko Barazil ko Peru. Agada Kolambiya ko Ikwado. Dankali Amurka ko Masar. Doya kuwa, kusan duk inda ka duba, Gana. Sunan Nijeriya yakan fito a kan ɗaurin ganyen ugu da shuwaka da ake kawowa ta jirgin sama kaɗan kaɗan, da kuma kan busassun kaya, amma a manyan kwalayen da ake lodawa da injin ɗaga kaya ba kasafai ake cin karo da shi ba.

Batun doya ya fi kowanne ciwo. Nijeriya ce ke noma kimanin kashi biyu cikin uku na doyar duniya, amma Gana ce ke kan gaba wajen fitar da ita. Mutanen Gana sun daɗe da tsayawa a kan irin da ake kira puna, suna zaɓar matsakaiciya wadda ba ta da rauni, su wanke, su naɗe kowace ɗaya a takarda, su jera a kwali mai nauyi ɗaya da na jiya da na shekaranjiya. Mai saye a Landan ya san abin da zai tarar tun kafin ya buɗe. A ƙarshen watan Yuni na 2017 ministan aikin gona na lokacin, Cif Audu Ogbeh, ya ƙaddamar da fitar da tan 72 na doya daga Legas zuwa Birtaniya da Amurka, aka yi biki, amma daga baya rahotanni suka nuna wani ɓangare na kayan ya isa a lalace bayan doguwar tafiya. Doyar ba ta da laifi. Ajiya da sufuri ne suka kasa.

Kafin sufuri ma akwai takarda. Ɗanyen kayan lambu ba ya shiga Birtaniya daga ƙasashenmu sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar ƙasar da ya fito, kuma jami'ai na da ikon buɗe kwali a tashar shiga. In suka ga ƙwaro ɗaya daga cikin waɗanda aka haramta, kamar farin ƙudan da ke maƙalewa a bayan ganye, ko tsutsar da ke ɓuya a cikin 'ya'yan barkono, sai a lalata kayan, asarar kuma ta mai su ce. In abin ya yawaita daga ƙasa ɗaya, sai a rufe mata ƙofa baki ɗaya. Haka ya faru da Indiya a watan Mayu na 2014, lokacin da Tarayyar Turai, wadda Birtaniya ke cikinta a wancan zamani, ta hana shigo da mangwaronta da wasu kayan lambu huɗu. Haka ya faru da Gana a watan Oktoba na 2015, aka hana barkononta da gautarta da wasu nau'o'i uku na dangin duma. Abin lura shi ne yadda Gana ta yi da hukuncin. Ta yi wa manoma da masu fitar da kaya rajista, ta horar da masu duba kaya, ta gyara wurin bincike a filin jirgin sama, ta kafa tsarin da za a iya bin sawun kowane kwali har gonar da ya fito, kuma daga ranar 1 ga Janairu, 2018 aka ɗage takunkumin.

Namu hukuncin ya faɗo ne a kan wake. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Nijeriya, bayan an yi ta samun sinadarin diklobos a cikinsa, wanda shi ne ke cikin maganin ƙwarin da aka fi sani da fiya-fiya. Iyakar da doka ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an sami samfurin da ya kai miligiram 4.6. An ce na shekara ɗaya ne, sai ga shi an tsawaita a 2016, aka sake tsawaitawa a 2019. Duk wanda ya san yadda ake adana wake a rumbunan manyan kasuwanninmu ya san inda maganin yake shiga, kuma ya san ba Turawa kaɗai ne bai kamata su ci irin wannan wake ba.

Masu cewa nisa ne ya hana mu su dubi taswira. Daga Nairobi zuwa Landan kimanin kilomita 6,800 ne, daga Legas kimanin 5,000, daga Kano kuwa bai kai haka ba. Duk da haka koren waken da aka tsinka a gonakin Kenya da safe, a sanyaya shi, a tantance, a shirya a kwali, yana hawa jirgin dare daga Nairobi, cikin kwana biyu ko uku yana kan kanta a Ingila. Kenya ta kafa hukumar duba lafiyar tsirrai ta KEPHIS a 1996, kuma da manyan kantunan Turai suka fito da ƙa'idojin noma na EurepGAP a 1997, waɗanda aka canza wa suna zuwa GlobalGAP a 2007, manyan masu fitar da kaya na ƙasar suka ja ƙananan manoma a jiki suka koya musu rubuta ranar feshi da sunan magani da kwanakin da za a jira kafin girbi. Sirrin dai bai wuce wannan littafin gona da sanyin da ba ya yankewa daga bakin gona har bakin kanta ba.

A gwada wannan da tafiyar tumatir daga Kadawa ko Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da noman rani. Ana tsinka shi ya nuna jawur, a danna a manyan kwandunan kaba masu kaifin baki, a ɗora kwando bisa kwando a tirela, a yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 cikin rana zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, ga shingayen hanya, ga lalacewar mota. Ƙiyasin da aka sha ambata shi ne kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a ƙasar nan yana lalacewa kafin ya kai tukunya. An fara ganin akwatunan roba da ake jerawa ba tare da sun danne kaya ba, da ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a wasu kasuwanni, amma dillalin kayan gwari a 'Yankaba zai gaya maka kwando ne har yanzu ma'aunin ciniki.

A ganinmu bai kamata ɗan kasuwa ya ɓata lokacinsa a kan tunanin kai tumatir ko albasa Landan ba. Kaya ne masu nauyi, masu arahar kilo, kuɗin jirgin sama zai cinye su, kuma Maroko da Sifen da Holan suna isar da nasu a manyan motoci masu sanyi. Abin da ke ɗaukar kuɗin jirgi shi ne mara nauyi mai tsada: attarugu, ƙaramar kuɓewa mai taushi, gauta, da ganyaye irin su alayyafo da yakuwa da lalo da zogale. Kuma Allah ya haɗa mana lokutan, domin amfanin noman rani yana fitowa ne daga Disamba zuwa Maris, daidai lokacin da gonakin Turai suke a daskare kuma farashi yake sama. Sai dai mai saye a kasuwar sari ba ya neman wanda zai kawo kwali ɗari biyar sau ɗaya ya ɓace. Yana neman wanda zai kawo hamsin kowace Talata da kowace Juma'a, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, har ƙarshen kaka.

Busassun kaya sun fi sauƙin farawa da su, domin ba sa gaggawa kuma suna iya bin jirgin ruwa. Kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi da garin zogale da zoɓo da daddawa da barkono, dukkansu a yau galibi a akwatin matafiyi suke isa gidajen Hausawan Ingila, wannan ya ba wancan saƙo. Wannan hanya tana da iyaka. Doka ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko madara, saboda haka kilishi da dambun nama da man shanu in an gani a kwastan sai a ƙwace. Ɗanyen kayan lambu ma haka, in babu takardar shaidar lafiyar tsirrai, in ban da 'yan ƙalilan da aka keɓe kamar mangwaro da ayaba da abarba da dabino da lemo. Wanda zai mai da wannan saƙo ya zama sana'a tilas ya rabu da shanya a gefen kwalta, inda ƙura da tsakuwa da kashin awaki ke shiga, ya kuma kula da funfuna, domin gubarta, wadda ake kira afilatoksin, tana cikin abubuwan da ake gwadawa a barkono da gyaɗa a tashoshin shiga. Shanya a kan gado mai raga, niƙa a injin da bai taɓa wani abu ba, leda mai kauri da aka liƙe, da rubutu mai nuna nauyi da ranar lalacewa da adireshin mai shigo da kayan, su ne ke raba garin kuka na tsaraba da garin kuka na kanta.

Ta fuskar hukuma, mai niyyar fitar da kaya zai yi rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Ƙasa, wato NEPC, wadda aka kafa a 1976, ya cika takardar NXP ta hannun bankinsa, ya sami shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS mai kula da killace amfanin gona, in kuma kayan sarrafaffu ne ya bi ta hukumar NAFDAC. Batun haraji ya yi sauƙi, domin a ƙarƙashin tsarin ciniki da ƙasashe masu tasowa da Birtaniya ta fara aiki da shi a watan Yuni na 2023, mafi yawan kayan Nijeriya suna shiga ba tare da kuɗin fito ba. Jiragen fasinja da ke tashi kai tsaye daga Legas da Abuja suna ɗaukar kaya a cikinsu, kuma tun watan Maris na 2024 kamfanin Air Peace ya shiga sahun masu zuwa Landan. Inda sabon shiga ya fi ƙonewa shi ne wajen biya. Dillalai da yawa sukan karɓi kaya ne a kan sai an sayar, su cire la'adarsu da kuɗin sauke kaya da na abin da suka ce ya lalace, su aiko da saura. Wanda ba shi da amintaccen mutum a can da zai tashi ƙarfe biyu na dare ya je ya ga an buɗe kwalayensa da idonsa, to ya shirya karɓar duk lissafin da aka aiko masa.

Akwai kuma abokan gasa da ke tasowa a cikin Ingilar kanta. Ƙananan hukumomi suna ba da hayar 'yan filayen lambu ga mazauna birni, kuma ko da yake a wasu unguwannin Landan sai an yi shekaru ana jiran layi, 'yan Afirka da 'yan Karibiyan da suka samu suna shuka alayyafo da kabewa da masara a cikinsu da zarar sanyi ya ja baya a watan Mayu. Wani manomi ɗan asalin Zimbabuwe ma ya yi suna da noman farar masara da ganyayen Afirka a gonakin da ke wajen birnin, yana sayar wa masu kewar gida. Daga Yuli zuwa Satumba alayyafon da aka yanko da asuba a wajen gari yakan kori wanda ya kwana a jirgi. Amma da raɓar ƙanƙara ta farko ta sauka a watan Oktoba ko Nuwamba sai ganyen ya yi baƙi a dare ɗaya, masu tebur a titin Ridley su koma jiran abin da jirgi zai sauke a Heathrow. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, saboda haka cinikin yammacin Asabar a ƙarƙashin fitila ake yinsa, mai tebur yana buga ƙafa saboda sanyi yana haɗa kwano biyu a kuɗin ɗaya, motar shara kuma tana jira a bakin titi ta kwashe kwalayen da aka zazzage.